Wa'adi kafin rabuwa: aure da annoba a ƙasar Adar

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Da shugabannin ƙungiyarmu suka ce in kawo wani abu na tarihi cikin wanga ɗan littafi na tunawa, tunanina ya fara zuwa ga sarakunan Adar da yaƙe-yaƙensu. Daga baya na ga akwai tarihin da ya fi kusa da mu, wanda munka gani da idonmu amma ba mu tsaya mun karanta shi ba, wato shekarar korona. Mu da muke lakwal lokacin, abin da munka riƙe shi ne dogon hutu da takunkumi da wankin hannu. Amma tambayi innarka ko yayarka mai aure, za ka ji wani labari dabam.

Ni ɗalibi ne a jami'ar Tawa, karatun faranko-arab na taso da shi, kuma ban kai matsayin ba da fatawa ba. Abin da zan kawo maka shi ne abin da na karanta a littattafan da ake biyawa a zaurukanmu, da abin da na gani cikin danginmu. Wanda matsala ta sama, malami ko alƙali zai nufa.

Shekarar da hanya ta rufe

Ranar 19 ga Maris 2020 aka sanar da mutum na farko da ya kamu da korona a Nijar. Cikin ƴan kwanakin nan aka rufe iyakoki da makarantu, aka hana taruwa, aka dakatar da sallar jam'i a masallatai. Ranar 27 ga Maris shugaba Isufu Mahamadu ya kafa dokar ta-ɓaci ta kiwon lafiya, aka killace Yamai, aka hana fitar dare a can. Masallatai ba su buɗe ba sai ranar 13 ga Mayu, bayan azumi ya yi nisa. Lakwal ta koma ranar 1 ga Yuni. Iyakokin ƙasa kuwa sai watan Yuni 2021 aka buɗe su. Ka tuna kuma tun watan Agusta 2019 Najeriya ta rufe tata iyakar, ƙofar Illela da ke fuskantar Ƙonni ba ta buɗe ba sai Disamba 2020. Kodibuwa ta fi kowa daɗewa, iyakokinta na ƙasa sun zauna rufe har Fabrairu 2023.

Allah ya sauƙaƙa mana cutar kanta. Waɗanda hukuma ta ƙidaya sun rasu da ita a duk faɗin Nijar ba su kai ɗari huɗu ba. To amma ka san Adar. Ƙasa ce ta duwatsu da fako, daminarta gajera ce, hatsin gona ɗaya ba ya kai gida shekara. Shi ya sa da an gama girbi maza ke fita biɗa: Abijan, Legas, Kano, Kamaru, Libiya, Aljeriya. Ka shiga ƙauyukan wajen Barmu, Kalfu, Bambay ko Keita da rani, mata da tsofaffi da yara za ka iske. Gidan yana tsaye ne a kan abu biyu: kuɗin da ake aikowa, da dawowar mai gida kafin shuka. Korona ta datse su biyun lokaci guda.

Ba wannan ne karo na farko ba. Kakanninmu sun ba da labarin yunwar 1913 zuwa 1914 da annobar murar 1918. Iyayenmu sun ga farin 1973 da na 1984, sun ga sanƙarau na 1995. Kowace masifa daga cikinsu ta bar mata a gida suna jiran mazan da ba su san ranar dawowarsu ba.

Wata Juma'a a ƙauyenmu

Ƴar gwaggona tana aure a wani ƙauye arewa da Tawa. Mijinta ɗan tebur ne a Abijan, kowace shekara yana dawowa kafin ruwan farko. Kuɗin ƙarshe da ya aiko a watan Fabrairu ne. Da aka killace Abijan ciniki ya tsaya, abin da yake samu bai wuce na bakinsa ba. Ita kuwa ta sayar da akuyarta, ta ci kuɗin da ɗiyanta uku. Azumi ya kama, babu hatsi, babu sukari.

Rashin bai yi ɓarnar da zato ya yi ba. Uwar miji tana ganin ɗanta yana aiko wa matarsa a ɓoye. Matar tana ganin uwarsa yake aika wa. A gida ɗaya suke, tukunya ɗaya, ga zafin bazara, ga ƙishin azumi. Magana ta kai magana, ta kwashi ƙaramin ɗanta ta yi yaji. Aka kai wa mijin labari ta waya, kowa da irin nasa. Ranar Talata da dare sai ga saƙon murya a WhatsApp ɗin ƙanensa: in ba ta koma ɗakinta kafin Juma'a ba, a bakin aurenta.

Da a wata shekara ce, bayan sallar la'asar za a ja liman gefe, dattawa su tsaya a ƙofar masallaci, kafin magariba an kashe wutar. Bana masallaci a rufe yake. Sai kawunta ya hau babur ya samo ƙanen mahaifin mijin, su biyu suka yi sallama a zauren liman. Ni na riƙe musu wayar, don haka na ji komai.

Liman bai fara da wa ke da laifi ba. Cewa ya yi a sake kunna saƙon, har sau uku. "Mi ya ce daidai? Guda nawa ya ambata? Wace rana ya yanka?" Da ya gamsu sai ya ce maganar ta rataya ce, ba ta faɗi ba tukuna, amma in Juma'a ta zo ba ta koma ba za ta faɗi, ko da shi mai maganar ya huce. Ya dubi kawun ya ce: "Ku maida ta ɗakinta ran Alhamis. Komawarta ba ta nuna ita ke da laifi ba. Muna biɗar lokaci ne. In ta koma, sannan mu zauna."

Haka aka yi. Ranar Asabar aka kira mijin, wayar tana tsakiyar tabarma. Ya rantse tun Fabrairu bai aika wa kowa ko dala ba, ya yi kuka. Uwar ta yi shiru, matar ta yi shiru. Aka tsaida abu uku gaban shaidu: ƙanen mahaifinsa zai riƙa auna mata hatsi tiya-tiya duk mako a matsayin bashi kan mijin, za ta riƙa girkinta dabam, duk abin da ya aiko, da sanin su biyun zai aiko shi. Auren yana nan har yau.

A unguwarmu cikin Tawa wani bai samu wanga jinkiri ba. Aikinsa ya tsaya, ya wuni gida, ya wuni cikin faɗa, rana ɗaya ya furta uku a numfashi guda. Da gari ya waye ya shiga bin malamai ɗaya bayan ɗaya yana biɗar mafita. Mazhabobin nan huɗu suna ƙidaya irin wannan uku ne, wasu malamai suna bin ra'ayin Ibnu Taimiyya suna ƙidaya shi ɗaya. Dangin suka rabu biyu a kan fatawa, yaran suka rabu biyu tsakanin gidaje. Magana zarar bunu ce.

Abin da littattafanmu suka tanada

Wataƙila kana zaton annoba sabon abu ce ga fiƙihu. Shehu Halil ɗan Ishaƙ, mai Muhtasar ɗin da manyan ɗalibai ke biyawa a zaure, a Masar ya rayu cikin ƙarni na 14, zamanin babbar annobar da ta shiga ƙasar a 1347. Tun kafin shi, sahabbai sun ga annobar Amwas a shekara ta 18 bayan hijira, wadda ta ɗauki Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal, ta sa Sayyidina Umar ya juyo daga hanyar Sham. Mutanen da suka rubuta hukunce-hukuncen aure sun san rufewar hanya, sun san mutuwar kasuwa. In ka bi abin da suka rubuta za ka lura da abu ɗaya: kusan duk inda aure ya zo bakin rami, shari'a tana sa wa'adi tsakaninsa da faɗawa.

Ɗauki ciyarwa. Wajibi ce a kan miji, ko da matar ta fi shi dukiya, amma gwargwadon halinsa, kamar yadda aya ta 7 ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta nuna. A mazhabar Malik an raba tsakanin wanda yake da shi ya hana da wanda ba shi da shi. Na farko, abin da ya hana bashi ne a wuyansa. Na biyu, in rashinsa ya tabbata, abin da ya wuce cikin rashin ba a bin sa. Matar tana da haƙƙin ta yi haƙuri, tana kuma da haƙƙin ta kai ƙara. In ta kai, alƙali ba ya raba su ranar. Yana yanka wa mijin wa'adi gwargwadon yadda ya ga akwai tsammanin samu. In wa'adin ya cika babu, sai a yi saki ɗaya, kuma in ya samu abin ciyarwa kafin idda ta ƙare yana iya maida ita.

Ɗauki mijin da ya yi nisa. Wanda aka san inda yake, ana aika masa: ya dawo, ko ya ɗauke ta zuwa inda yake, ko ya sawwaƙe mata. Wanda labarinsa ya yanke ƙaf, in ya bar abin da za a ciyar da ita, alƙali yana bincike, sannan ta jira shekara huɗu, sannan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma. Shehu Halil ya ware wanda ya ɓace a garin annoba ko a zamaninta, masu sharhi suka bayyana cewa matarsa tana fara takaba ne bayan annobar ta yaye, don galibin zato ya rasu. Ka tuna da ƴan'uwanmu da ke ɓacewa a hamada kan hanyar Libiya da Aljeriya, za ka gane wanga babi ba na da can ba ne.

Akwai wani abu a nan da ya kamata kowace ƴar'uwa ta sani. In miji ya dawo ya ce yana aikowa, ita ta ce bai aiko ba, wa za a gaskata? Malamanmu sun ce in ta kai maganar ga hukuma tun yana can, to daga ranar da ta kai, maganarta ake ɗauka tare da rantsuwa. In ta yi shiru, tasa ake ɗauka. Mu kuwa mun koya wa mata cewa kai kuka abin kunya ne. Kunyar nan tana cinye musu haƙƙi.

Ɗauki saɓani. Aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta yi umurni da a tada masu sulhu biyu, ɗaya daga danginsa, ɗaya daga danginta. Abin da kawun ƴar gwaggona da ƙanen mahaifin mijinta suka yi ke nan, ko da ba su san lambar ayar ba. A wajen Malik, waɗanda alƙali ya naɗa ba ƴan rakiya ba ne: in sun yi iya ƙoƙarinsu gyara ya gagara, hukuncinsu na rabuwa yana zartuwa. Macen da ake cutarwa da duka ko zagi, in cutarwar ta tabbata, tana da haƙƙin a raba ta da shi ba tare da ta biya komai ba. Wadda kuwa ba a cuce ta ba amma zaman ya fita ranta, akwai hul'i, ta fanshi kanta. Haƙurin da ake ce wa mata su yi ba ya nufin su zauna ana ji musu ciwo.

Ɗauki idda. Ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da matar da aka saka daga ɗakinta, ta hana ta fita, har idda ta cika. Hikimar a fili take: fushi yana sauka, ana ganin juna, ana iya komawa ba da sabon sadaki ba. Mu fa? Kafin rana ta faɗi an kira amalanke an kwashe gado da kwalla. Wa'adin da Allah ya ba mu kyauta, mu muke zubar da shi da hannunmu.

Har majinyaci an yi masa babi. Wanda ya saki matarsa cikin ciwon da ake tsoron ajali, ya kuma rasu a cikinsa, a mazhabar Malik tana gadonsa ko da iddarta ta ƙare. Hujjarsu ita ce hukuncin Sayyidina Usman a kan matar Abdurrahman ɗan Aufu. An toshe ƙofar ne don kada tsoron mutuwa ya zama hanyar hana mace gado.

Daga zauren malam zuwa gidan zuzu

To wa ke zartar da duk wannan a ƙasarmu? Amsar tana da nata tarihi. A ƙarshen ƙarni na 17 Agabba, ɗan sarkin Agadas Muhammadu Mubarak, ya kafa sarautar da zuriyarta ke Illela har yau. Wanda ke son zurfin labarin ya nemi littafin Djibo Hamani na 1975 a kan Adar kafin zuwan Turawa, shi ne malamin da jami'armu ke ɗauke da sunansa. Ƙasar nan ta san malamai: Malam Jibrilu ɗan Umar, malamin Shehu Usman ɗan Fodiyo, ya zauna a Adar, shi kansa Shehu a Maratta aka haife shi a 1754, nan kusa da Galmi. A littafinsa Nurul Albab Shehu ya zargi malaman da ke barin matansu da ɗiyansu mata cikin jahilcin addininsu. A wancan zamani rigimar aure tana farawa daga dangi, ta je ga malamin gari, sannan fada.

Da Faransawa suka zo farkon ƙarni na 20, dokarsu ta 1903 ta kafa kotunan ƴan ƙasa ƙarƙashin idon kwamanda, aka bar aure da saki da gado a hannun al'ada. Sun taɓa shi ta gefe: dokar Mandel ta 1939 a kan shekarun aure da yardar ma'aurata, da dokar Jacquinot ta 1951 a kan kuɗin aure. Bayan ƴancin kai, dokar tsarin shari'a ta 1962 ta ci gaba da barin waɗannan al'amura ga al'adar masu ƙara, haka ta 2004, haka ta 2018 da ta maye gurbinta. Shi ya sa in ka shiga kotu ranar shari'ar aure za ka ga zuzu wanda ya karanta dokar Faransa, a gefensa masu taimaka masa da sanin al'ada, galibi malamai. A wajenmu abin da ake kira al'ada ya cuɗanya da fiƙihun Malikiyya, wani wuri sun dace, wani wuri sun saɓa. Misali, littafi ya bar renon ɗa namiji ga uwa har ya balaga, mace har ta tare ɗakin mijinta, matuƙar uwar ba ta yi wani aure ba. Al'ada kuwa takan maida yaro gidan uba yana shekara bakwai, wani lokaci tun kafin haka.

A 1974, zamanin Saini Kunce, aka kafa Ƙungiyar Addinin Musulunci ta Nijar, wadda ta zama wata ƙofar sulhu. An yi yunƙurin kafa kundin dokar iyali a farkon shekarun 1990, aka sake a 2011, duka biyun ƙungiyoyin Musulunci suka ƙi, aka janye. Ko mi ra'ayinka a kan wannan, ga inda muke: ƙofa uku ce, ta dangi da liman, ta mai unguwa da sarki masu ikon sasantawa, da ta zuzu wanda ke yanke hukunci ya ba da takarda. Macen ƙauye ba kasafai take wuce ta farko ba. A 2020, da masallaci ya rufe kuma taro ya haramta, ita ce ƙofar da ta ƙuntata, daidai lokacin da aka fi buƙatarta.

Abin da ya rage gare mu

Ɗan'uwa, yawancinmu ba mu yi aure ba tukuna, kuma da yawa cikinmu za su fita biɗa kamar iyayenmu. Kakanka in ya yi fushi a Kumasi, sai ya samu mai rubuta masa wasiƙa, ya samu matafiyi, wasiƙar ta yi wata a hanya. Sau da yawa kafin nan ya huce ya yaga ta. Kai fushinka yana isa Adar kafin ka aje waya. Saki da murya saki ne, saki da rubutu saki ne, fushin da bai gusar da hankali ba kuma ba ya hana shi aukuwa. In ranka ya ɓaci da dare, kashe wayar, ka kwana, ka kira kawunta da safe.

Kafin ka hau mota, ka zaunar da mahaifiyarka da matarka wuri ɗaya, ka faɗa gaban su biyun abin da ka bari, da yadda za ka riƙa aikowa, da wanda zai tsaya in hanya ta yanke. Ke kuma ƴar'uwa, ki san babin ciyarwa da na idda kamar yadda kika san na alwala. In abinci ya yanke, ki sanar da waliyyinki da liman ko mai unguwa tun da wuri, ki sa a shaida. In an sake ki, ki nemi takarda.

Ga shugabanninmu kuma ina da roƙo. Muna karanta Ahalari da Ishmawi, muna tsayawa a tsarki da salla, alhali babin aure da saki yana nan cikin Risala yana jiranmu. A sa mana shi cikin karatun mako, maza da mata, a gayyato malamin da ya san littafi da wanda ya san yadda kotu ke aiki. Zo mu zauna, zo mu saɓa ne, harshe da haƙori ma suna yi. Wata masifar za ta sake zuwa, ko fari ko annoba ko rufe iyaka, mun ma sake ganin rufewar iyaka a 2023. Ranar da ta zo, a samu a kowace unguwa, daga Bilbis har Wadata, matashi ɗaya da zai iya cewa: ku dakata, a sake kunna saƙon, mi ya ce daidai?

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren nawa ne, malamai su gyara mini. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya dawo da matafiyanmu lafiya, ya zaunar da gidajenmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.